Yadda Aka Gano Garkuwar Jikina Ce Take Yaƙi da Ni

Lufus ne sunan cutar da nake ɗauke da ita. Kafin a kai ga wannan suna na sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot har cikina ya gaji. Ni malamar makaranta ce a nan Garwa, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, ina da yara biyu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, na tabbata akwai mata irina a Marwa da Gaundare da ƙauyukan bakin Binuwai, suna kai-kawo tsakanin kantin magani da gidan mai magani, alhali abin da ke cin su garkuwar jikinsu ce da kanta, kuma akwai hanyar gano hakan.

Ciwon ya faro bayan haihuwata ta biyu, wajen ƙarshen 2024. Ina gama wankan jego wata gajiya ta sauko mini wadda barci ba ya korewa. Da asuba yatsuna su kumbura su sandare, riƙe buta ma sai da dabara, sai hantsi ya ɗaga sannan su saki. Da la'asar jiki ya ɗau zafi. Mai kitsona ce ta fara faɗa mini gashin gaban goshina yana karyewa yana zuba. Gyambo ya fito mini a ganɗa, amma da yake ba ya zafi ba wanda ya sa shi a lissafi. Da bazara ta shigo, a watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, sai wani tabo ya bayyana a kumatuna biyu ya haɗe ta kan karan hanci. A littattafan da muke koyarwa da su ana nuna wannan tabo ja jawur, domin a fatar Turawa aka ɗauki hotunan. A tawa fatar duhu ya yi, har mutane suka ɗauka ƙunar man bilicin ce.

Duk sanda na je asibiti da zazzaɓi, abu biyu ake dubawa. In gwajin maleriya bai nuna komai ba, sai a ce ko ta ɓuya ne, a ba ni magani. In an yi gwajin Widal ya nuna alama, sai a ce taifot. Shi kuwa Widal sananne ne yana iya nuna alama a jikin wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tun da daɗewa, ko wanda wani ciwo dabam ya tayar wa jini. Ba na ganin laifin ma'aikatan nan sosai. A ƙasar da sauro ke kwantar da yara kowace damina, wanda ya ga zazzaɓi ya fara tunanin maleriya bai yi wauta ba. Abin da ke damuna shi ne ba a tsayawa a tambaya: in maleriya ce, me ya sa take dawowa da kumburin yatsu da zubar gashi?

A gida kuma kowa da fassararsa. Inna ta ce, “'Yar nan, sanyin jego ne ya shige ki.” Surukata ta fi karkata ga sammu. Na sha rubutu, an yi mini tofi, kuma har yau addu'a ban bar ta ba. Ƙawayena na wurin aiki, masu karatu, suka haɗu a kan magana ɗaya: garkuwar jikinki ce ta yi rauni, ki ƙarfafa ta. Aka yi ta kawo mini zogale da habbatus sauda da zuma da wasu ƙwayoyi masu tsada da ake tallarsu a WhatsApp. Da rama ta bayyana sai na fara ganin wani irin kallo a gidan biki. Na gane abin da ake zargi. Ni da maigidana muka je aka yi mana gwajin ƙanjamau, ba mu da shi, amma takarda ba ta rufe bakin unguwa.

Wata matashiyar likita ce ta fara haɗa abubuwan wuri guda. Ba ta kalli zazzaɓin kaɗai ba. Ta kama hannuna ta matsa gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta haska bakina da tocila, ta ce in zame ɗankwali ta ga goshina. Sannan ta yi tambayar da ba a taɓa yi mini ba: “Malama, in kin daɗe a rana, jikin yakan ƙara rikicewa?” Na ce ƙwarai kuwa. Ta sake cewa, “Fitsarinki yana kumfa?” Shi ma haka ne.

Gwaje-gwajen da ta fara da su duk a nan Garwa ake yin su, kuma ba su fi ƙarfin mai albashi ba. Ƙidayar ƙwayoyin jini ta nuna jinina ya yi ƙasa, fararen ƙwayoyin ma sun ragu, alhali mai fama da cutar bakteriya yawanci nasa hauhawa suke yi. Gwajin saurin kwanciyar jini ya yi sama ƙwarai, amma CRP, wani furotin na jini da ke tashi in akwai kumburi a jiki, bai wani tashi ba, kuma ta ce wannan rashin jituwa tsakanin su biyun alama ce da ake yawan gani a lufus. Ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya nuna furotin. Daga nan ta rubuta gwajin ANA, wanda ke neman sinadaran kariya da jiki ya ƙera don yaƙar cibiyar ƙwayoyin halittarsa na kansa. Wannan kam sai da aka ɗebi jini aka aika kudu, muka yi jira, kuma kuɗinsa ya taɓa mu.

Sakamakon ya dawo da 1/640. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka suka fitar a 2019, daga 1/80 ake fara sa mutum a sahun waɗanda ake zargi. Likitar ta ja mini kunne cewa ANA shi kaɗai ba hukunci ba ne, don akwai masu lafiya garau da yawa da yake fitowa a jininsu. Amfaninsa shi ne kusan duk mai lufus yana da shi, saboda haka in babu shi sai a nemi ciwon a wani wuri. Ta rubuta mini takarda zuwa ga likitan gaɓoɓi. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a Kamaru, kuma mafi yawansu suna Yawunde da Duwala.

Muka bar yaran wajen Inna, muka hau mota zuwa Gaundare, daga can jirgin ƙasa na dare ya kai mu Yawunde. A unguwar Birikitari muka sauka, gidan gwaggona. Sanyin garin da gajimarensa sun yi wa fatata daɗi tun kafin in sha ƙwaya ko ɗaya.

Likitan dattijo ne mai haƙuri. Ya ƙara gwaji uku: na sinadarin da ke kai wa DNA hari, wato zaren gado da ke cibiyar ƙwayar halitta, wanda ya fi ANA nuna lufus kai tsaye, na C3 da C4, wasu furotin na jini da ke raguwa in cutar tana ci, domin yaƙin yana cinye su, sai tara fitsarin awa 24 a jarka don a auna furotin ɗin da ƙoda ke zubarwa. Na farko ya fito da yawa, C3 da C4 sun faɗi. Furotin ɗin fitsari bai kai rabin giram a yini ba, kuma daga rabin giram ne ake fara maganar tsakuro ɗan naman ƙoda da allura a duba. Allah ya taimake ni an tare abin kafin ya kai can. Ƙodar ita ce babban abin tsoro a cutar nan, tana iya taɓa kusan rabin masu ita, kuma ba ta ciwo sai ɓarna ta yi nisa.

Na tambaye shi, “Likita, to garkuwar tawa ta yi rauni ke nan kamar yadda ake faɗa mini?” Ya girgiza kai. Da ya ji daga Garwa nake sai ya ce, “Hajiya, kin san dogaran Lamiɗo. Dogari nagari ba ƙarfi kaɗai gare shi ba. Ya san 'yan gida, kuma in an ce masa bari, ya bari. Naki dogaran ƙarfinsu na nan, sanin 'yan gida ne ya kuɓuce musu, kuma mai ce musu bari muryarsa ta yi ƙasa.” Ya ce in ajiye duk wani abin da ake sayarwa da sunan ƙara ƙarfin garkuwa.

Wannan darasi ina koyar da shi a aji, amma a gurguje, don manhajar ta fi ba da ƙarfi ga yadda jiki ke kashe ƙwayar cuta. Ɓangaren da ake tsallakewa shi ne mafi ban mamaki. Jiki yana ƙera fararen ƙwayoyin jini iri biyu da ake kira B da T, kowacce da nata makamin gane abokin gaba, kuma a kan sa'a ake haɗa makaman, ta yadda duk cutar da za ta zo, ko wadda duniya ba ta taɓa gani ba, za a sami mai gane ta. To tunda a kan sa'a ne, dole a sami waɗanda jikin mutum kansa za su gane a matsayin abokin gaba. Ana tace su tun suna ƙanana, ƙwayoyin B a cikin ɓargo, ƙwayoyin T a wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna timus. Amma tacewar ba ta kama duka. Kowane ɗayanmu, mai lafiya da marar lafiya, yana yawo da wasu da suka tsallake.

A jikin mai lufus ga yadda abin ke tafiya. Kullum biliyoyin ƙwayoyin halitta suna mutuwa a jikin mutum, ana kwashe su shiru. In kwashewar ta yi jinkiri, ɓarɓashin DNA da ɗan'uwansa RNA na cikinsu sai ya watsu. Jiki kuma yana da wasu na'urorin ganowa, irin su TLR7, waɗanda aikinsu jiyo RNA ɗin bairus. Sai su ɗauki ɓarɓashin gida a matsayin bairus, su sa a saki sinadarin intaferon, wanda shi ne ƙararrawar shigowar bairus. Ƙwayoyin B su tashi su ƙera sinadaran kariya a kan DNA ɗin mai jikin. Waɗannan su manne da ɓarɓashin su zama dunƙule, jini ya kwashe su ya kai su matatar ƙoda da gaɓoɓi da fata, su maƙale, kumburi ya tashi. Kumburin ya kashe wasu ƙwayoyin, ɓarɓashi ya ƙaru, abin ya yi ta juyawa. Nan ne rana ta shigo: haskenta yana kashe ƙwayoyin saman fata, ya ƙara wa abin abinci. Da na fahimci haka sai tambayar matashiyar likitar nan ta zauna mini daidai.

Maganin farko da ya rubuta ya sa maigidana ɗaga kai, don ɗan'uwan kulorokwin ne, wanda duk muka sha muna yara. Haidiroksikulorokwin sunansa, a kantin magani an fi saninsa da Plaquenil. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka lura sojojin da ke shan wani maganin rigakafin maleriya ciwon gaɓoɓinsu da ƙurajen fatarsu suna sauƙi. An daɗe ana amfani da shi kafin a san dalili. Yanzu an gane yana shiga cikin 'yan jakunkunan da TLR7 da 'yan'uwansa ke zaune a cikin ƙwayar halitta, ya dagula musu aiki, ƙararrawar ta lafa. Wani bincike da aka yi a Kanada a 1991 ya nuna waɗanda aka janye wa maganin haɗarin tashin cutarsu ya ninka sau biyu da rabi. Ba a wuce miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, shi ya sa ni nake shan ƙwaya biyu yau, ɗaya gobe. Yana ɗaukar watanni kafin a ga aikinsa, kuma in an daɗe ana sha yana iya taɓa bayan ido, don haka aka tura ni likitan ido ya duba tun daga farko.

Na biyu kotizon ne, mai kashe kumburi da sauri. Kafin a fara sai da aka ɗauki hoton ƙirjina don tarin fuka, aka kuma gwada ciwon hanta nau'in B, domin duk wanda za a danne wa garkuwa, in waɗannan na kwance a jikinsa za su iya farkawa, kuma ciwon hantar nan ya yi yawa a arewacinmu. Cikin 'yan kwanaki yatsuna suka saki, zazzaɓi ya ɗauke. Amma kotizon bashi ne da ake biya: fuskata ta cika, barci ya ƙaurace, ci ya buɗe, ga haɗarin hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Da na dawo Garwa wasu suka riƙa yi mini barka da ƙiba, har da mai tambayar sunan ƙwayar. Hankalina ya tashi, don na san akwai 'yan mata masu sayen dangin wannan magani a kasuwa don su yi jiki. Suna danne garkuwarsu da hannunsu ba ciwon komai. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, domin jiki yakan rage ƙera nasa kotizon ɗin in ana ba shi daga waje. A hankali ake saukowa, burin likitoci a kai miligiram 5 a yini ko ƙasa da haka.

Zaman gida da cutar shi ne aikin gaske. Garwa gari ne na rana, ni kuma an ce in guje ta. Na roƙi a mayar mini da darussa na safe, na koma doguwar riga mai hannu da laima da man kariya daga rana ko da hadari. Cefanen tsakar rana maigida ya karɓa. Na bar dikulofinak da ibufurofen da nake saye in gaɓoɓi sun matsa, saboda ƙoda. Gidan sauro ya zama dole ko da rani. Dokar da likita ya kafa mini ita ce duk zazzaɓi a je a gwada a ranar, don yana iya zama tashin lufus, yana iya zama maleriya ta gaske, yana iya zama wata cutar da ta sami ƙofa saboda magani, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan. Da aka sauko da kotizon, ciwon ya ɗan ɗago kai, sai aka ƙara mini azatiyofirin, wani maganin danne garkuwa. Matashiyar likitar ce ke duba ni a nan, tana aika sakamako Yawunde ta waya, hakan ya rage mana hawa jirgi. Da azumi ya zo na tambayi likita na tambayi malamai, aka mayar da ƙwayoyin sahur da buɗa-baki, da sharaɗin in fitsari ya canja in ajiye in rama.

Ina cikin wannan hali, ranar 6 ga Oktoba 2025, aka sanar da kyautar Nobel ta fannin likitanci. Mutum uku aka ba: Shimon Sakaguchi na Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. Aikinsu a kan masu cewa bari ɗin nan ne. A 1995 Sakaguchi ya nuna akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu kawai tsawata wa sauran, kuma in aka cire su daga jikin ɓera sai garkuwarsa ta afka wa gaɓoɓin jikinsa. A lokacin masana da yawa sun riga sun yi watsi da irin wannan tunani. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a wasu ɓeraye masu mutuwa da ƙuruciya saboda garkuwarsu ta haukace, suka sa mata suna Foxp3, suka kuma nuna lalacewarta ce ke jawo wata muguwar cuta ta jarirai maza mai suna IPEX. A 2003 Sakaguchi ya haɗa biyun: Foxp3 ce ke mayar da ƙwayar T mai tsawatarwa. Washegari na ajiye darasin ranar na ba ɗalibaina wannan labari. Yanzu ana gwada hanyoyin ƙara yawan waɗannan ƙwayoyi a jikin masu irin cutata, ana kuma gwada rage su a kewayen ciwon daji, inda suke hana garkuwa yin aikinta.

Tambayar da ta fi tsaya mini ita ce me ya sa mata. Cikin masu lufus goma, wajen tara mata ne, yawanci a shekarun haihuwa. An daɗe ana ɗora abin a kan sinadaran jikin mace, kuma suna da hannu. Amma ƙwayar gadon TLR7 ɗin nan a kan kuromosom X take, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin gado, mace kuwa tana da X biyu. Jiki yakan rufe ɗaya, sai dai rufewar ba ta cika ba, a wasu ƙwayoyin garkuwa duka biyun suna aiki. A 2022 ayarin Carola Vinuesa suka ba da rahoton wata yarinya 'yar Sifen da lufus mai tsanani ya kama tana da shekara 7. Sun sami canji guda a TLR7 ɗinta wanda ya sa shi saurin tashi, da suka sa wannan canji a jikin ɓeraye sai su ma suka kamu. A 2024 kuma ayarin Howard Chang a Jami'ar Stanford suka nuna abin da ke naɗe X na biyun ya rufe shi, wani dogon RNA mai suna Xist tare da furotin da ke manne masa, shi kansa yana iya tsokano garkuwa. Ashe abin da ke sa mace ta fi namiji saurin murƙushe wasu cututtukan bairus, shi ne kuma ke jefa ta wannan haɗari.

A Nuwamba 2025 wani ayarin na Stanford, ƙarƙashin William Robinson, ya kawo maganar bairus ɗin Epstein-Barr. A 1964 aka gano shi, a cikin naman wani ciwon daji na yara da aka kai Ingila daga Yuganda, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da shi kwance a ƙwayoyinsu na B. Sun tarar a jikin mai lafiya ƙasa da ƙwaya 1 cikin 10,000 ce ke ɗauke da shi, a jikin mai lufus kuwa wajen 1 cikin 400, kuma yana juya ƙwayar da ya shiga ta riƙa ingiza sauran su yaƙi jiki. Tunda kusan kowa na da shi amma kaɗan ke kamuwa, sai ya haɗu da gado da sauran dalilai.

Akwai wani tsohon zance da nake ganin har yau yana cutar da mu. A 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Badun, ya duba bayanan marasa lafiya ya ga irin waɗannan cututtuka ba su da yawa, ya kawo shawarar ko maleriya da sauran cututtukan da muke fama da su ne ke kare mu. Mutum ne mai daraja, yana cikin waɗanda aikinsu ya kai ga maganin rigakafin maleriya da ake bai wa yaranmu gida-gida kowace damina. Amma zancen ya zauna a littattafai cewa lufus ba ciwon Afirka ba ne, alhali a Amurka da Ingila baƙar mace ta fi farar mace kamuwa, kuma nata ya fi tsanani. Asibitocin Afirka da suka sami likitocin gaɓoɓi da kayan gwaji sun yi ta samun masu cutar. Ni a ganina ba a nemanta ne shi ya sa ba a ganinta. Kuma dangantakarta da maleriya na iya zama akasin yadda aka zata. A 2010 masu bincike na Jami'ar Cambridge da abokan aikinsu a Kenya suka duba wani nau'in ƙwayar gado mai suna FCGR2B, wanda ke sassauta ɗaya daga cikin takunkuman garkuwa. Yaran Kenya masu wannan nau'i daga uwa da uba sun fi tsira daga maleriya mai tsanani, kuma shi ɗin dai yana ƙara haɗarin lufus. Irin cinikin da muka sani a sikila ke nan.

A zuwana Yawunde na baya na tambayi likita labarin da na karanta daga Erlangen ta Jamus. Can ayarin Georg Schett suka ɗebi ƙwayoyin T na masu lufus mai tsanani, suka canja su a ɗakin gwaji yadda za su farauci ƙwayoyin B, suka mayar musu. Sun fara da wata budurwa 'yar shekara 20 a 2021, suka ba da rahoton mutum 5 a 2022, sannan mutum 15 a 2024, 8 daga cikinsu masu lufus. Ƙwayoyin B suka ɓace, bayan 'yan watanni sababbi suka fito daga ɓargo ba tare da tsohuwar gabar ba, marasa lafiyar kuma suka ajiye magungunansu. Likita ya ce gaskiya ne, shi ma abin ya girgiza shi. Amma ya ce mutanen kaɗan ne, shekarun bibiyar ba su da yawa, sai an fara ba mutum maganin daji kafin a yi, kuma irin wannan magani a wajen masu ciwon daji ɗaruruwan dubban daloli yake ci. Ya ce abin da zai ceci matan arewa a yanzu shi ne tsinken gwajin fitsari a kowane ƙaramin asibiti, da ma'aikacin da zai ga mace mai zazzaɓi da kumburin yatsu da zubar gashi ya tuna da lufus, da Plaquenil da ba ya yankewa a kanti. Na yarda da shi, domin na ga yadda ya yi wuyar samu a wani lokaci, sai da gwaggo ta aiko mini daga Yawunde. Masu cutar a ƙasashe da dama sun ɗanɗana wannan a 2020, da aka yi ta wawar maganin saboda korona.

Maganar da muka rufe da ita a ranar ta haihuwa ce, kuma maigidana ne ya yi ta, cikin jin nauyi. Likita ya ce mai lufus tana haihuwa, amma da shiri. Sai cutar ta kwanta aƙalla wata 6 a jere, ƙoda na lafiya. Plaquenil ba a ajiye shi da ciki, azatiyofirin ma ana iya ci gaba da shi, shi ya sa ya zaɓa mini shi tun farko a kan wasu magungunan da ke illa ga ɗan tayi. Akwai kuma gwaji biyu da za a ƙara: na wasu sinadarai masu sa jini ya daskare su jawo ɓari, da na wani mai iya ratsa mahaifa ya taɓa bugun zuciyar jariri. In an same su akwai matakan da ake ɗauka, sai dai awon cikin zai zama na kusa da kusa. Yanzu kotizon ɗina ya sauko miligiram 5, tsinken fitsarin wata-wata bai sake nuna furotin ba, gashin goshina ya fara tsirowa. Gwaje-gwajen biyu an sa mana su bayan babbar sallah, in Allah ya kai mu.